Mutum Biyun da Ba Su Dawo Ba

Wasiƙar hukumar kula da magunguna ta iso ranar Litinin, mako uku bayan bikin kaka, kuma layi biyar ce kacal. Cibiyar gwaji da ke bayan garin Cheongju ta aika rahoto a kan wani maganin hawan jini, rahoton ya ce 80.31. Masanan hukuma sun sake lissafin da tasu manhajar, sun sami 79.64. Suna son bayani kafin Juma'a, tare da sunan wanda ya yi aikin.

Tazarar ƙarama ce a ido, amma ita ce komai. Idan kamfani ya yi kwafin wani magani, sai an nuna yana shiga jini kamar na asali. Ana tara 'yan sa-kai, rabi su sha na asali, rabi su sha kwafin, a ɗebi jininsu. Bayan mako biyu su dawo a musanya musu. Lissafi ya fitar da iyaka biyu: ta ƙasa kada ta gaza tamanin, ta sama kada ta wuce ɗari da ashirin da biyar. A kan ta ƙasan ake wannan gardama. Da 80.31 magani ya shiga kasuwa. Da 79.64 aikin shekara biyu ya koma aljihun tebur.

Shugaba Tak, mai cibiyar, ya kira ni da safiyar Talata. Shekara talatin na yi ina koyar da ƙididdiga kafin in yi ritaya, kuma rabin masu lissafinsa ɗalibaina ne.

"Farfesa Eom, wani ya taɓa lambobin jini," in ji shi. "Muna son dattijo daga waje ya duba, ya sa hannu cewa mun yi bincike."

"In duba, ko in sa hannu?"

"Duka biyun. Mota tana hanya."

Na tambaye shi hatimin wa ke kan rahoton. Ya ce na Pyo Nan-yeong ne, ɗaya daga cikin masu lissafin nasa, kuma sunanta zai tura ranar Juma'a. Wanda aka tura sunansa a irin wannan zargi ba ya sake taɓa rahoton magani a ƙasar nan, kuma wani lokaci maganar kan kai kotu.

* * *

Na same ta a ɗakin cin abinci. Teburan duk sun cika, ban da nata. Mutum shida ke zama a kansa, ita kaɗai ce da tirenta. Kafin in kai wurin har mutum biyu sun raɗa mini cewa kamfanin maganin ya yi mata alkawarin aiki a Seoul. Na tambayi kowannensu wa ya gaya masa, sai kowa ya ambaci ɗayan.

Ta miƙe ta sunkuya. "Malam, kada ka zauna nan. Za su ce ka riga ka zaɓi ɓangare."

"Nan ne kusa da kimchi," na ce, ina nuna kwanon jiƙaƙƙen kabejin nan mai yaji, na ja kujera.

Nan-yeong ba ta cikin ɗalibaina masu sauri. Ita ce mai zama a layi na biyu tana sake lissafin da ta riga ta ci. Yanzu shekararta talatin da huɗu, shida daga ciki a wannan cibiya.

"Ke kika yi lissafin?"

"Ni ce."

"Da wace manhaja?"

"Tsohuwar. Ban saba da ta danne-danne ba."

Manhaja biyu suke da ita. Tsohuwar sai ka rubuta mata umarni layi-layi, abin da ka rubuta shi take yi. Sabuwar, wadda suka saya bara, tana da akwatuna da take cikewa da kanta idan ba ka hana ta ba.

"Me kika samu?"

Ta kalli miyarta. "Hatimina ne a kai, Malam."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Shi za su tambaya ranar Juma'a."

Na bar ta ta ci lomar shinkafa biyu, sannan na tambaye ta inda ta yi biki. Ta ce Mokpo, wurin mahaifiyarta. Bikin farko ke nan tun rasuwar mahaifinta, don haka ta tafi da kwana ɗaya kafin hutu ta taya shirya teburin abincin tunawa da magabata. Na duba ranar da ke kan rahoton. Ranar da take cikin jirgin ƙasa ce. Na nuna mata da yatsa.

"Na buga hatimin kafin in tafi," in ji ta, ba tare da ta dubi takardar ba.

Ban matsa ba. Wanda ya ƙuduri yin shiru, matsi sai dai ya ƙara masa ƙwarewa.

* * *

Byeon Tae-seop, shugaban sashen ƙididdiga, ya tarbe ni tun daga bakin matattakala. Shi ma ɗalibina ne, ya riga Nan-yeong da shekara bakwai, shi ya sa take kiransa Yaya. Shi ne mafi kaifin kai da na taɓa koyarwa. Ya zuba mini shayin sha'ir da hannu biyu.

"Malam, ka rame. Uwargida ta hana ka nama ne?"

"Likita ya hana, ita kuma ta zama 'yar sandarsa. Me kake gani, Tae-seop?"

"Nan-yeong ba za ta yi ba. Yarinyar da ke ƙirga matattakala in tana hawa?" Ya girgiza kai. "Ka san manhajoji, kowace da halinta. Wataƙila ta hukuma ce ta ɗan kauce. In kuma ba haka ba, ni dai da ɗakin gwaje-gwaje zan fara. An sake auna jinin ɗan sa-kai na goma sha bakwai. Ban ce komai ba fa. An dai sake."

Na gode masa na sauka ƙasa.

Madam Ok, shugabar ɗakin gwaje-gwaje, ta girme shi da shekara ashirin kuma ba ta sunkuya wa kowa fiye da kima. Tana jin "goma sha bakwai" ta cire safar hannu ta jefa cikin kwando.

"Wa ya aiko ka, Farfesa? Mutanen sama? Su da ba su taɓa ganin jini ba sai in sun yanke da takarda."

Ta ɗauko littafin na'ura ta buɗe a gabana. Allura ta toshe a tsakiyar awo, na'urar ta tsaya, an rubuta sa'a da minti, mutum biyu sun buga hatimi, an sake awon kamar yadda ƙa'ida ta ce. Sakamakon da aka sake shi ne aka tura wa hukuma, kuma an bayyana haka a rahoton.

"Ka ƙoshi, ko in kira allurar ta ba da shaida?"

Na ce na ƙoshi, amma ina roƙon takardun asali na duka awon, da tebur, da rula.

* * *

Laraba gaba ɗaya a wannan tebur na yi ta. Rula a ƙarƙashin layi, yatsa a kan lamba, takardar na'ura a hagu, abin da aka tura wa hukuma a dama. Aiki ne marar daɗi, kuma ban san wata hanya da ta fi shi ba. Ƙarfe huɗu na yamma na kai layin ƙarshe. Babu lamba ɗaya da aka canza.

Na zauna gaban tsohuwar manhaja na rubuta umarnin kamar yadda takardar tsarin gwajin ta shimfiɗa tun kafin a ba kowa ƙwaya: a kwatanta kowane mutum da kansa, zagayensa na farko da na biyu. Ta ba ni 79.64. Hukuma ba ta kauce ba.

Ke nan jini ɗaya ne, lambobi ɗaya, amsa biyu. Duk cibiyar tana neman hannun da ya goge ya rubuta, alhali babu abin da aka goge.

Da safiyar Alhamis na sa rular a kan rahoton kansa, ba a kan amsar da kowa ke kallo ba, a kan gefen jadawalin. Akwai wata ƙaramar lamba a can wadda ake kwafewa ba tare da an karanta ba. Tana da dogon suna a littattafanmu, amma ni sawun ƙafa nake ce wa ɗalibai, domin tana faɗin mutum nawa suka bi ta cikin lissafi. A irin wannan gwaji ƙa'idarta mai sauƙi ce: adadin waɗanda suka kammala, a cire biyu. Mutum talatin da shida aka ɗauka. Biyu sun sha zagayen farko ba su dawo ba: ɗaya zazzaɓi ya kama shi, ɗaya an kira shi atisayen sojojin ko-ta-kwana. Saura talatin da huɗu. Sawun ya kamata ya zama 32.

Rahoton ya ce 32.4.

Tsohuwar manhaja, da wancan umarni, ba ta ba da gutsure irin wannan ɗigo huɗun. Wanda bai dawo ba, ba shi da abin da za a kwatanta shi da shi, sai ta wuce shi ko da an saka mata lambobinsa. Sabuwar kuwa, in aka bar ta da akwatunanta, tana da wata dabara: ta kwatanta rabin mutum da sauran jama'a, ta tatso ɗan abin da za ta iya. Wannan tatsa ita ke barin ɗigo. Amma sai an ba ta rabin mutumin, kuma fayil ɗin da ake miƙa wa sashen ƙididdiga na talatin da huɗu ne kawai.

Na sake sauka wurin Madam Ok.

"Mutum biyun da ba su dawo ba, an auna jininsu na zagayen farko?"

"Duk jinin da ya shigo ɗakin nan ana auna shi. Nasu yana takarda daban."

"Ina so in gani."

Ta ja aljihun tebur tana gunaguni. "Kai ma? Wannan takarda ta yi farin jini."

"Wa ya riga ni?"

"Tae-seop. Jajibirin hutu, da akwatin tuffa a hannu, wai gaisuwar biki. Shekara goma bai taɓa kawo mini ko ɓawo ba." Ta tsaya da takardar a hannu, ta dube ni. Muryarta ta sauka. "Me ya faru, Farfesa?"

"Me ya sa ba ki faɗa wa kowa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kowa abin da aka canza yake tambaya. Ba wanda ya tambayi abin da aka ƙara."

Na hau sama, na saka talatin da shida cikin sabuwar manhaja, ban taɓa akwati ko ɗaya ba. Ta ba ni 80.31, da 32.4 a gefe. Na daɗe zaune a wurin. Na so a ce ta ba ni wani abu dabam.

* * *

Ƙarfe biyu muka taru a ɗakin taro. Shugaba Tak a kan tebur, Tae-seop a damansa, Madam Ok a hagu, Nan-yeong can kusa da ƙofa inda ƙanana ke zama. Wasiƙar da za a tura tana gaban Shugaba, an riga an buga ta, da gurbin sa hannuna.

Na fara da abin da ban samu ba. Na ce babu wanda ya taɓa lambar jini, kuma ɗan sa-kai na goma sha bakwai ba shi da laifi, haka allurar Madam Ok. Sannan na raba musu kwafin jadawalin.

"Tae-seop, ka taimaki tsohon malaminka. Mutum nawa suka kammala?"

"Talatin da huɗu, Malam."

"A cire biyu."

"Talatin da biyu."

"Karanta mini gefen."

Ya duba. Na ga lokacin da idonsa ya sauka a kai. Shi da ke gane kuskure a allo kafin in gama rubuta shi, wannan lamba ya kwafe da hannunsa bai gan ta ba.

"Talatin da biyu da ɗigo huɗu," in ji shi a hankali.

"Su wane ne ɗigo huɗun?"

Shugaba Tak ya ce a yi masa bayani da harshen mutane, na yi masa: an koma wata manhaja mai wata hanyar lissafi, an shigo da rabin jinin mutum biyu da tsarin gwaji ya ce a ajiye, iyakar ta matsa ta haye tamanin. Na ce takardar mutum biyun sau ɗaya ta bar ɗakin gwaje-gwaje kafin yau.

"Ni ce," in ji Nan-yeong daga bakin ƙofa. "Ni na ce Yaya ya karɓo mini."

"Zo ki nuna mini inda ake shigar da fayil a sabuwar manhaja," na ce da ita. "Kwamfuta ga ta nan."

Ba ta tashi ba.

"Nan-yeong, me kika samu kafin ki tafi Mokpo?"

Ta dubi Tae-seop. Shi ya kawo ta cibiyar nan. Da mahaifinta ya rasu, kwana uku ya yi tsaye a gidan makoki yana tarbar baƙi kamar ɗan gida, domin ba ta da ɗan'uwa namiji. Kowa a ɗakin ya san haka.

"Faɗa masa," in ji Tae-seop, bai ɗago ba.

"79.64," ta ce. "Na rubuta cewa maganin bai wuce ba. Ba a gama haɗa shafukan ba lokacin jirgi ya yi, sai na bar hatimina a aljihun tebur, kamar yadda kowa ke yi. Da na dawo na ga abin da aka tura."

"Kika yi shiru mako uku."

"Na yi, Malam."

Tae-seop ya ɗora hannayensa biyu a kan tebur. "Ban ƙirƙiri lamba ko ɗaya ba. Jinin mutanen nan na gaske ne, an soke su sau goma sha shida kowannensu. Hanyar da na bi tana cikin littafi. Kai ka koya mana ita, Malam, a shekara ta uku. Ka buga allo ka ce jinin mutum ba abin zubarwa ba ne."

"Na faɗa. Har yau ina kan bakana."

"To ina laifin?"

"Yaushe ka zaɓe ta?"

Ya janye hannayensa daga kan tebur. Na ci gaba.

"Kafin ka ga 79.64, ko bayan ka gani? Shi ya sa ake rubuta hanya a kulle tun kafin a ba kowa ƙwaya. Hanyoyi masu kyau suna da yawa, Tae-seop. In aka bar mutum ya gwada su ɗaya bayan ɗaya har ya sami wadda ta yi masa daɗi, babu maganin da zai faɗi, kuma wanda ke shan sa kowace safiya ba shi da mai tsaronsa. Da ka rubuta a rahoton cewa ka sauya hanya, da hukuma ta yi gardama da kai, iyakarta ke nan. Amma shafin bayani ka bar shi yana faɗin tsohuwar hanya. Ka kuma buga hatimin da ba naka ba."

"Na ɗauka ba za su sake lissafi ba."

"Da suka sake fa? Kwana huɗu Nan-yeong tana cin abinci ita kaɗai, kai kana nuna mini ɗakin Madam Ok."

Nan ne fuskarsa ta karye. Ya juya wajen ƙofa. "Kullum da safe sai in ce yau zan faɗa," ya ce da Nan-yeong. "Sai in ga la'asar ta yi."

Shugaba Tak ya gyara murya. "Ni dai ban ce kowa ya yi haka ba. Cewa na yi a duba ko akwai hanya."

"Ba wanda ya ce ka ce, Yallaɓai," in ji Madam Ok. "Amma mun ji ka, har ƙasa."

Na tura wa Shugaba wasiƙarsa ba tare da sa hannu ba. Na ce a rubuta wata: cewa amsar gaskiya 79.64 ce, cewa cibiyar ta janye rahoton, da yadda aka yi, da wanda ya yi, da kalmar da shi Shugaba ya furta. A rubuta kuma cewa Pyo Nan-yeong ta yi lissafinta daidai, ta bar hatiminta inda bai kamata ba, ta ga ƙarya ta yi shiru. Ya yi ja-in-ja a kan layin da ya shafe shi har kusan rabin sa'a. Na ce in babu layin, babu hannuna, kuma hukuma ta san lambar wayata. Ya bar shi.

Nan-yeong ta roƙi a cire sunan Yayanta a rubuta "sashen ƙididdiga". Tae-seop ne ya hana. Ya karɓi alƙalami ya gyara harafi ɗaya a sunansa da aka buga ba daidai ba.

* * *

Gargaɗi aka yi wa Nan-yeong a rubuce, da wata uku ba ta sa hatimi a komai. Ta ci gaba da aikinta. Amma wannan daga baya ne.

A ranar, na ƙi motar Shugaba na ce zan hau bas. Tae-seop ya biyo ni da jakata, kamar yadda yake yi yana ɗalibi, ban hana shi ba. Muka tsaya a tasha. Ya san ba zai sake aiki a wannan fanni ba, ni ma na sani. Bas ta ɓullo daga kwana, sai ya yi tambayar da na ga tana cinsa tun a ɗakin taro.

"Malam, ni na rubuta takardar tsarin, bara, cikin rabin yini. Tsohuwar hanya na kwafo daga wani gwaji don sauri. Da tun ranar na rubuta wannan hanyar da na bi, da hukuma ta amince da ita?"

Na so in ce ban sani ba. Amma ban taɓa ba shi amsar ƙarya a aji ba.

"Mai yiwuwa ne ƙwarai."

"Da 80.31 ta tsaya."

"Da ta tsaya. Lamba ɗaya, jini ɗaya, kuma da babu wanda ya yi laifi."

Ya miƙo mini jakar da hannu biyu, ya sunkuya. Na hau, na sami kujera, na waiwaya ta taga. Bai ɗago ba tukuna.